Yadda ake duba dayafiram da na'urar sikanin yayin horar da tsokokin numfashi

Idan ka ɗora majiyyaci a kan horon tsokokin numfashi, cikin mako biyu ko uku za ka ga lambar ƙarfin zuƙarsa ta hau. Lambar gaskiya take faɗa, sai dai ba ta gaya maka wace tsoka ce ta yi aikin. Mutum yana iya buɗe bawul ɗin na'urar horo da tsokokin wuya da na kafaɗa kaɗai, dayafiram ɗin da kake son ƙarfafawa tana nan ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Sikanin na ultrasound, mai ɗaukar hoto da sauti, shi ne ke raba maka wannan gardama, domin da shi kake ganin tsokar da idonka tana aiki ko tana hutawa.

Abin da kake bukatar sani game da tsokar kaɗan ne. Dayafiram faffaɗar tsoka ce mai siffar kifaffen kwano, ta raba ƙirji da ciki, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan aikin jan numfashi. Jijiyar firenik, wadda ta taso daga wuya a matakin C3 zuwa C5, ita ke ba ta umarni. Idan ta tsuke, abu biyu ke faruwa lokaci guda: samanta ya sauka zuwa ciki, gefenta da ke manne da haƙarƙarin ƙasa kuma ya gajarce ya yi kauri. Su biyun nan za ka auna, wato kauri da nisan sauka.

Kayan aiki

- Na'urar sikanin mai yanayin B (hoto na yau da kullum) da yanayin M (zanen motsin abin da ke kan layi guda), wadda ke iya ajiye gajeren bidiyo.
- Miƙaƙƙen kai, wato ɓangaren na'urar da ake ɗorawa a fata, mai 10 MHz ko sama da haka, na auna kauri. Mai 7.5 ma zai yi idan shi ke hannu.
- Lanƙwasasshen kai mai 2 zuwa 5 MHz, irin na duba ciki, ko ƙaramin kai na duba zuciya, na auna sauka.
- Jel, tawul ko tishu, da maganin goge kan na'ura.
- Maka ta rubutu a fata da tef ɗin awo.
- Ma'aunin ƙarfin zuƙa ta baki, wanda ke ba da MIP, wato mafi girman ƙarfin zuƙa, a santimita na ruwa (awon matsi).
- Na'urar horo. Mafi yawa masu sifirin da bawul ne, irin Threshold IMT ko POWERbreathe. Akwai kuma na lantarki masu rage nauyi yayin da huhu ke cika. Kowane majiyyaci da nasa bakin na'ura da matatar iska.
- Abin matse hanci, da ma'aunin iskar oksijin na yatsa.
- Gado mai ɗaguwa ta wajen kai, da takardar rubuta sakamako.
- Mataimaki, idan da hali. Hannunka ɗaya na kan majiyyaci, ɗayan na kan maɓallai, to wa zai riƙe na'urar horo idan majiyyacin ba shi da ƙarfi?

1. Tantance wanda ya dace da horon

Sikanin kansa ba ya cutar da kowa, amma jan numfashi da nauyi yana sauya matsin cikin ƙirji sosai. Kada ka ɗora nauyi a kan wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da bangon ƙirji ba a fitar ba, ko wanda hakan ta taɓa faruwa gare shi haka kawai, ko mai karayar haƙarƙari da ba ta warke ba, ko wanda dodon kunnensa ya fashe, ko mai asma da ke yawan tashi ba a shawo kanta ba, ko mai ciwon zuciyar da bai lafa ba. Wanda aka yi wa tiyatar ƙirji ko ciki kwanan nan, sai da yardar likitan da ya yi aikin.

A bar aƙalla awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci. Cikakken ciki yana tokare tsokar, ya rage mata sauka.

2. Auna MIP kafin ka taɓa sikanin

Majiyyaci ya zauna, a matse hanci, ya fitar da iska har ya ji babu saura, sa'annan ya zuƙa da dukan ƙarfinsa a kan toshesshiyar na'ura, ya riƙe na daƙiƙa ɗaya da rabi ko fiye. Ma'aunin kirki yana da ɗan rami mai faɗin kusan milimita 2 don kada mutum ya yi amfani da kumatu ya ba ka lambar bogi. A maimaita da hutu tsakani har ka samu uku da bambancinsu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ka ɗauki mafi girma. Gwajin farko kusan kullum ƙasa yake fitowa, saboda mutum bai gane dabarar ba tukuna, don haka kada ka yi rowar maimaitawa. A masu cutar toshewar hanyoyin iska, COPD, ana ɗaukar abin da ya gaza santimita 60 na ruwa a matsayin rauni.

Idan babu ma'aunin, kada ka fasa. Saita na'urar horo a nauyin da mutum zai kammala numfashi 30 da ƙyar amma ba tare da ya ɓata salon numfashinsa ba, ka tambaye shi wahalar a ma'aunin 0 zuwa 10. Tsakanin 4 da 6 ake nema.

3. Kwantar da shi, ka rubuta yadda ka kwantar

Kishingiɗa a kan digiri 30 zuwa 45 ita na fi so, domin yawancin masu ciwon huhu ba sa jure kwanciya rigingine. A ɗaga hannun dama sama ko a ajiye shi bayan kai don haƙarƙari su buɗe. Saukar dayafiram ta fi yawa a kwance fiye da a zaune, saboda haka duk yanayin da ka zaɓa ranar farko, shi za ka riƙe har ƙarshen horon. Rubuta digirin gadon, kada ka ce za ka tuna.

Ba shi minti biyu zuwa uku ya natsu. Da zarar ka ce wa mutum ya yi numfashi yadda ya saba, sai ya daina yin yadda ya saba. Gara ka yi shiru, ka yi kamar kana gyara na'ura, ka ɗauki hoton ba tare da sanarwa ba.

4. Nemo kaurin tsokar a gefen dama

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure.

Ɗauki miƙaƙƙen kai, ka sa zurfi a santimita 3 zuwa 4. Ɗora shi a gefen ƙirji, tsakanin layin da ya sauko daga gaban hammata da wanda ya sauko daga tsakiyarta, a wajen rata ta 8 zuwa ta 10 ta haƙarƙari. Fara da tsayar da shi daga sama zuwa ƙasa yadda zai haye haƙarƙari biyu. Za ka gan su a allo kamar duwatsu biyu masu baƙar inuwa a ƙarƙashi. Tsakaninsu, daga fata zuwa ciki, ga kitse, ga tsokokin tsakanin haƙarƙari, sai kuma wani ɗan siriri mai hawa uku: farin layi, duhu a tsakiya, wani farin layi. Layin sama tantanin huhu ne, na ƙasa tantanin ciki, duhun tsakiya shi ne dayafiram. Hanta na ƙarƙashinsa. Yawanci za ka same shi a zurfin santimita ɗaya da rabi zuwa 3.

Sau da yawa akwai wani farin zare a tsakiyar tsokar kanta. Masu koyo kan ɗauke shi a matsayin tantanin ciki, su auna rabin tsokar, su rubuta cewa ta zube. Ka tabbata ka ga naman hanta a ƙarƙashin layin da ka kira na ƙasa.

Idan ka rasa gane inda kake, nemi huhu. Ka ce, “Malam, a ja numfashi a hankali.” Wani farin hazo zai shigo allo daga wajen kai, ya rufe hoton, sa'annan ya koma. Gefen huhu ke nan yana saukowa. Matsa ƙasa kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2, yadda hazon zai leƙo bakin allo kawai ba tare da ya rufe inda za ka auna ba. A nan ne za ka tsaya. Kana iya juya kan na'urar ya kwanta cikin ratar, ya bi tsawon haƙarƙari, ka samu doguwar tsoka babu inuwa. Duk biyun suna yi. Zaɓi ɗaya ka dawwama a kai.

Karkata kan na'urar a hankali har layukan biyu su fito sirara, masu kaifi, kwance a allo. Idan sun yi kauri ko sun dushe, sautin ba ya faɗa musu a tsaye, kuma awonka zai fi gaskiya yawa. Rage hasken hoto idan fararen layukan sun kumbura. Kada ka danna da ƙarfi; jel mai yawa ya fi dannawa amfani.

Da ka samu hoton da ya gamsar da kai, kafin komai, zana gefunan kan na'urar a fata da maka. Sa'annan ka auna da tef daga wuraren da ba sa gogewa, misali daga ƙasan ƙashin tsakiyar ƙirji da kuma daga gefen haƙarƙarin ƙarshe, ka rubuta lambar ratar. Dalili shi ne dayafiram ba kauri ɗaya take da shi ko'ina ba: tana ƙara kauri idan ka gangara ƙasa. Sauka rata guda kawai ya isa ya nuna maka “ci gaba” da babu shi. Tawada za ta goge cikin kwanaki, awon tef ne zai mayar da kai wurin bayan wata guda.

Yanzu ɗauki bidiyon numfashi uku zuwa biyar na hutu. Tsayar da hoto, ka koma baya sannu a hankali zuwa ƙarshen fitar numfashi, inda tsokar ta fi siranta. Ɗora ɗigon awo ɗaya a gefen ciki na layin sama, ɗayan a gefen ciki na layin ƙasa, a tsaye tsakaninsu, ba a karkace ba. Fararen layukan ba sa cikin lissafi. Wasu suna auna daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi, shi ya sa lambobin wurare daban-daban ba sa haɗuwa. Kai dai rubuta hanyarka a takarda. Matsa gaba zuwa ƙololuwar jan numfashi, ka sake aunawa a daidai wurin. Yi haka a numfashi uku, ka ɗauki matsakaici. Zuƙo hoton ya girma kafin ka ɗora ɗigo, domin abin da kake aunawa bai fi milimita biyu ko uku ba.

Ana iya yin wannan a yanayin M, inda numfashi da yawa ke jeruwa a allo ɗaya kuma lokaci ya fito sarai. Ni dai ga mai koyo yanayin B nake ba shawara, saboda a yanayin M idan tsokar ta zame daga layin ba za ka lura ba.

Daga nan sai numfashi mai zurfi: “A ja iska a hankali har ƙirji ya cika, a riƙe kaɗan.” Huhu zai so rufe maka hoto. Idan ya rufe, kada ka bi tsokar ƙasa ka auna a wani wuri dabam sa'annan ka haɗa da awon farko. Sauka rata ɗaya, ka sake auna duka biyun a can, ka rubuta.

Idan ba ka da miƙaƙƙen kai, lanƙwasasshen ba zai ba ka kaurin da za a dogara da shi ba. Tsallake wannan mataki, ka tsaya a kan nisan sauka.

5. Yi lissafin ƙaruwar kauri

Cire kaurin ƙarshen fitar numfashi daga kaurin ƙololuwar ja, ka raba da kaurin ƙarshen fitarwa, ka ninka da 100.

A ce ka samu milimita 2.0 a hutu da 2.8 a ƙololuwa. Bambanci 0.8, a raba da 2.0, kashi 40 ke nan. To, a ce hannunka ya goce, ka ɗora ɗigon hutu a 1.8. Lissafi ya koma 1.0 a raba da 1.8, kusan kashi 56. Kuskuren da bai kai rabin milimita ba ya ƙara maka maki 16. Wannan shi ya sa na daɗe a mataki na huɗu.

Ga abin da za ka gwada da shi. A binciken da Boon da abokan aikinta suka wallafa a 2013 a kan mutum 150 masu lafiya, iyakar ƙasa ta kaurin hutu milimita 1.5 ce, kuma tsokar lafiyayye tana ƙaruwa da aƙalla kashi 20 idan an cika huhu. A mafi yawan masu lafiya takan kusa ninkawa, a wasu ma ta wuce. Wadda ba ta kai kashi 20 ba duk da mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ana zargin rauni mai tsanani ko shanyewa. Irin wannan majiyyaci ba horo zai fara ba. Likita zai fara gani a nemo dalili.

6. Auna nisan sauka

Sauya zuwa lanƙwasasshen kai, zurfi wajen santimita 15, ka ƙara ko ka rage gwargwadon jikin mutum. Ɗora shi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tsakanin layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin wuya da layin gaban hammata. Nufa shi sama, baya, da ɗan ciki. Ta cikin hanta za ka hango wani farin layi mai lanƙwasa yana matsowa idan an ja numfashi. Ɗora layin M a kan kashi na baya na wannan lanƙwasar, inda motsi ya fi yawa, kuma ya faɗa mata a tsaye gwargwadon iko. Rage gudun zane zuwa kusan milimita 10 a daƙiƙa don numfashi uku su shiga allo.

Da yake tsokar tana saukowa wajen kan na'urar ne, jan numfashi zai fito a matsayin hawa a zanen. Auna tsayin hawan daga gindi zuwa ƙololuwa, ɗigo biyun a gefe ɗaya na farin layin. Yi a hali uku: numfashin hutu, numfashi mai zurfi, da zuƙa ɗaya mai kaifi ta hanci baki a rufe.

Boussuges da abokan aikinsa sun auna mutum 210 masu lafiya, suka wallafa a 2009. Iyakar ƙasa a hutu santimita 1.0 ce ga maza, 0.9 ga mata; a numfashi mai zurfi 4.7 da 3.7, a zuƙar hanci 1.8 da 1.6. A tsaye aka auna mutanen, don haka ka riƙe lambobin a matsayin ja-gora kawai idan naka majiyyacin a kishingiɗe yake.

Abin da ba a wasa da shi: idan a zuƙar hanci zanen ya nutsa ƙasa maimakon ya hau, tsokar tana tafiya baibai, alamar wannan gefen ya shanye.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne hannun mai aunawa. Ciki na tasowa, kan na'ura na karkacewa, layin M ya koma wani wuri. Kafa gefen tafin hannunka a kan haƙarƙari, ba a kan ciki ba.

Gefen hagu ya fi wuya, saboda saifa ƙarama ce kuma iskar tumbi na tare hanya. Matsa baya zuwa layin tsakiyar hammata ko bayansa, ka duba ta tsakanin haƙarƙari. Don bibiyar horo gefen dama ya wadatar, amma ranar farko ka duba duka biyun, musamman ga wanda aka yi wa tiyatar zuciya, domin jijiyar firenik ta hagu kan samu rauni a irin wannan aiki. Ga mai ƙiba, kwantar da shi kaɗan a gefen hagu, ka bi ta tsakanin haƙarƙarin dama na ƙasa.

7. Duba tsokar a ƙarƙashin nauyi

Duk abin da ya gabata shiri ne. Koma kan zanen makarka da miƙaƙƙen kai. A matse hanci, a ba shi na'urar horo da aka saita a kashi 30 na MIP ɗinsa. Idan MIP 60 ne, nauyi 18 ke nan. Da farko kada ka koya masa komai, ka ce kawai ya ja da ƙarfi. Ɗauki bidiyon numfashi biyar. Kana son ganin abin da jikinsa zai yi da kansa.

Idonka ɗaya a allo, ɗaya a jikinsa. Idan dayafiram ce ke aiki, za ka ga ta fara kumbura tun kafin bawul ya buɗe, ta ci gaba da kauri har ƙarshen ja, ciki da haƙarƙarin ƙasa suna buɗewa waje. Idan wuya ne ke aiki, kafaɗu za su tashi, tsokokin gefen wuya su miƙe, ciki ya shige ciki, a allo kuwa kaurin bai wuce na numfashin hutu da wani abu ba. Bawul ya buɗe, iska ta shiga, lambar na'ura ta cika, amma ba tsokar da ka nufa ba ce ta ɗauki nauyin.

To, nan ne sikanin ya fi kowane bayani amfani. Juya allon ya fuskance shi. Nuna masa da yatsa: “Kun ga wannan duhun tsakanin fararen layuka biyu? Ita ce tsokar. So nake ku sa ta kumbura.” Ɗora hannunsa a gefen haƙarƙarinsa na ƙasa ta hagu, ka ce ya tura hannun waje da numfashi, kafaɗu a sake. Mutane da yawa da suka kasa gane “numfashi da ciki” ta baki, suna ganin hoton sai su kama cikin 'yan numfashi kaɗan. Sake ɗaukar bidiyo, ka lissafa ƙaruwar kauri kafin koyarwa da bayanta.

Wani abu da za ka sa ido a kai shi ne inda yake fara ja. Ya fitar da iska sosai tukuna, sa'annan ya ja da sauri da ƙarfi har huhu ya cika, ya saki a hankali. Masu gaggawa kan yi gajerun zuƙa a saman huhu, bawul ya yi ƙara, su ɗauka sun yi aiki.

Sai ka hau mataki-mataki: kashi 40, wato 24 a misalinmu, sai kashi 50, wato 30, da hutun minti ɗaya zuwa biyu tsakani. A kowane mataki ɗauki numfashi biyar. Za ka kai wani nauyi inda ja ke yankewa da wuri, iskar da ke shiga ta ragu, kaurin ya daina ƙaruwa ko ma ya ja baya, wuya ya karɓe aikin. Nauyin da ke ƙasa da wannan shi ne naka. A ganina kashi 40 da dayafiram ke ɗauka da kanta ya fi kashi 60 da wuya ke ɗaukar mata.

Ka yi hattara da fassara. Kauri yana ƙaruwa saboda ƙoƙari, yana kuma ƙaruwa saboda yawan iskar da ta shiga. Nauyi mai yawa kan rage iskar, don haka ƙaramin kaso a babban nauyi ba lallai ne ya zama tsokar ta yi lalaci ba. Dubi tsawon lokacin ja da motsin ciki tare da lambar. Na'urar lantarki tana nuna yawan iskar kowane numfashi, ka rubuta shi. Kuma kason wani ba ya zama ma'aunin wani. Kowa da kansa ake gwada shi.

Idan kana da lokaci, ɗora miƙaƙƙen kai a rata ta biyu ta haƙarƙari, santimita 3 zuwa 5 daga gefen ƙashin tsakiyar ƙirji. Tsokar da ke wurin ba ta cika yin kauri ba a numfashin hutu na mai lafiya. Idan ka gan ta tana kumbura a hutu ko a ɗan ƙaramin nauyi, tana cike giɓin da dayafiram ta bari ne.

Dakatar da zaman nan take idan ya ji jiri, ciwon ƙirji ko ciwon kunne, ko oksijin ya faɗi ƙasa da iyakar da likitansa ya sa, ko bugun zuciya ya rikice. Jiri yawanci daga saurin numfashi ne. A tsawaita fitarwa, a huta tsakanin ja da ja.

8. Duba ƙarshen zagaye, ba farkonsa kaɗai ba

Tsarin da aka fi sani shi ne numfashi 30, sau biyu a rana, na mako 6 zuwa 8. Ga marasa ƙarfi ana raba shi ƙanana, kamar numfashi 6 sau biyar da hutu. Ko wanne ka zaɓa, ka sa shi ya yi zagaye ɗaya cikakke kana riƙe da kan na'ura, ka ajiye bidiyon biyar na farko da biyar na ƙarshe. Mutum kan fara da kyau, wajen numfashi na ashirin salon ya lalace. Idan haka ta faru, raba zagayen gida biyu ko uku maimakon rage nauyi. Ka lura kuma Threshold IMT ba ta wuce santimita 41 na ruwa, don haka mai ƙarfi zai fi ƙarfinta da wuri, sai a sauya masa wata.

9. Bibiya

MIP kowane mako ko mako biyu, a gyara nauyi ya bi sabuwar lamba. Sikanin kuwa ranar farko, sai gajeren dubawa bayan mako guda don ganin ko salon ya zauna, sai mako na 4 da na 8. Mai aunawa ɗaya, na'ura ɗaya, zurfi ɗaya, digirin gado ɗaya, kuma kafin horon ranar, ba bayansa ba. Buɗe hoton ranar farko a gefe, ka daidaita sabon da shi ta siffar haƙarƙari kafin ka auna.

Hauhawar MIP ta makonnin farko yawanci daga koyon dabara ce da yadda jijiyoyi ke tattara tsoka, ba daga sabon nama ba. Kada ka sa ran kaurin hutu ya motsa kafin mako 4 ko fiye, kuma ko ya motsa, ɗan kaɗan ne, kusa da girman kuskuren awo. Canjin milimita 0.1 ba labari ba ne. Abin da ya fi saurin nunawa shi ne yadda tsokar ke aiki: ƙaruwar kauri a numfashi mai zurfi, nisan sauka, da iya riƙe salon a nauyin da a da yake gagararsa. Don haka a kowace bibiya ka maimaita nauyin ranar farko, 18 ɗin nan, ko da yanzu ya wuce shi, domin shi ne kaɗai awon da za ka jera gefe da gefe.

Idan MIP ya hau sosai amma sikanin bai sauya ba ko kaɗan, koma mataki na bakwai, ka kalli wuya da kafaɗu.

Idan majiyyaci na kan na'urar taimakon numfashi

Dayafiram na saurin zubewa idan na'ura ta karɓe mata aiki. Binciken Levine na 2008 ya nuna zubewar zaren tsokar bayan awa 18 zuwa 69 kacal. Saboda haka kaurin hutu yana iya sauyawa cikin kwanaki a nan, kuma ya cancanci a auna shi akai-akai, da zanen maka da aka rufe da farin filasta mai gani-har-hanji don kada ya goge.

Nisan sauka ba shi da amfani muddin na'ura na tura iska, domin ko shanyayyar tsoka za ta sauka idan an hura huhu. Ƙaruwar kauri ce abin dubawa, ita ma ka rubuta yawan taimakon da na'ura ke bayarwa lokacin awon. Nisan sauka sai lokacin gwajin numfashi da kai. Ƙaruwar kashi 30 zuwa 36 ko fiye a wannan gwaji tana tafiya da nasarar cire na'ura a bincike da dama, amma ba a yanke shawara da ita kaɗai. Horon kansa ana haɗa na'urarsa da bututun wuya, a tabbata balan-balan ɗin bututun a cike yake, a tsotse majina kafin a fara, a yi gajerun zagaye, a mayar da shi kan na'ura tsakanin kowane zagaye, ma'aikacin jinya na tsaye yana kallon oksijin da bugun zuciya.